Ranar da Inna ta fita ba turare

Shekarun baya can, lokacin da mutum zai tashi daga Diffa ya ƙetare kogin Komadugu ya kwana Maiduguri hankali kwance, likita ya gaya mana idon mahaifiyata ba zai dawo ba. Na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma yana bin sa a hankali. Ya ce ba aikin da za a yi, sai dai a riƙa ɗiga magani don a rage wa abin sauri. Ni ne babba, ni aka ja gefe aka gaya wa, amma Inna ba yarinya ba ce. Tun kafin mu iso gida ta gane daga shirun da na yi.

Bayan kwana biyu na zauna bakin tabarmarta, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na tambaye ta ko akwai abin da take so ta gani tun da sauran haske. Na zaci za ta ce a kai ta Damagaram wurin dangin mahaifina, ko a tara mata jikoki. Sai ta ce giwa. Dariya ta kusa ƙwace mini, amma da na dubi fuskarta na haɗiye ta.

Ashe tana ƙarama a Geskeru, wata shekara giwaye sun taso daga wajen tafki sun biyo bakin kogi. Gari duka ya fita kallo, har tsofaffi masu sanda. Ita kuwa tana kwance da baƙon dauro, an rufe ta a ɗaki, idanu a manne. Yayyenta sun yi shekaru suna mata gori da wannan, ko faɗa ake kan wani abu daban sai an ce mata ita da ko giwa ba ta gani ba. Ta ce mini, "Duk sun tafi, ni kaɗai na rage. Kuma ni kaɗai ce ban gani ba."

Da aka gama tsinkar tattasai, zafi ya fara shigowa, na karɓi hutu a wurin aiki. Wani abokina mai mota kat-kat, irin mai shiga yashi da daji, wanda ya saba kai busasshen kifi Najeriya, ya ce ya san wani babban gandun daji a ƙasar Bauchi inda ake shiga da mutane kallon namun dawa, kuma shi zai ja mu. Ƙanwata ta zo don ta kula da Inna. Ni kuwa na sayo madubin hangen nesa a kasuwa, na sayo malafa irin ta Turawan yawon buɗe ido. Ƙanwata ta ce in na sa ta na fi kama da mai tallar maganin ɓera, kuma da na duba madubi ban iya musa mata ba.

Wanda ya san matan wajenmu ya san zancen turare ba wasa ba ne. Inna tun da aka kai ta gidan mahaifina ba ta taɓa taka ƙofar gida ba sai ta tsuguna kan kasko. Kayanta kan kabbasa suke wuni, wato kwandon da ake kifawa kan kaskon, hayaƙin turaren wuta yana ratsa su, sannan a ninke a sa cikin akwati tare da kwalaben humra. Muna yara, in mun dawo daga lakwal, makarantar boko ke nan, tun daga bakin lungu muke sanin tana gida ko ta fita. A wurinta fita ba ƙamshi raini ne ga wanda za ka je wurinsa. To, balle wannan tafiya, da ta ɗauke ta kamar ziyarar manya. Da kaskonta ta taho, da gawayinta.

A gandun aka haɗa mu da jagora, wani dattijo siriri mai bindiga a kafaɗa, ba ya son yawan magana. Safiyar farko Inna ta fito cikin lafaya ruwan goro, ƙamshi na tashi har masu shara suna waiwayowa. Na ga jagoran ya ɗan shaƙi iska, ya dube ni. Muka shiga daji. Mun ga gwanki, mun ga ɓauna daga nesa, birai kuwa har sun ishe mu. Ni da ƙanwata muna ta nuna mata, ita kuma tana gyaɗa kai don kada mu ji ba daɗi, alhali na san ba abin da take rarrabewa, don launin dabbobin da na ciyawa duk ɗaya ne a idonta. Madubin da na sayo ta kara a ido sau ɗaya ta miƙo mini, ta ce jiri yake sa ta.

Giwa kuwa sai dai alamarta. Mu tarar da kashinta da sauran ɗumi, mu tarar da rassa a karye ruwan itacen bai bushe ba, mu sauka mu taka kaɗan, amma sun yi gaba. Haka aka yi da safe, haka da yamma, haka washegari. Hutuna ya kusa ƙarewa, abokina kuma kayansa na jiran sa a Diffa. Inna ta daina gyaɗa kai, ta koma jan carbi kawai. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in muka juya a haka ba za mu sake dawowa da ido ba.

Da yammar nan jagoran ya ja ni bayan mota, ya yi ta susar ƙeya. Ya ce shi ba zai iya faɗa wa babbar mace wannan magana ba, amma ƙamshin Mama ne ke korar su. Giwa ba ta da ido sosai, da hanci take sanin duniya, kuma iska na kai mata labarinmu tun muna nesa. In ana so a gan ta gobe, sai Mama ta fito ba turare, ba a jiki ba, ba a tufafi ba.

Ni ma dai susar ƙeyar na yi. Ina ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, ta yaya zan dube ta in ce ƙamshinta ya yi yawa? Sai na yi abin da manyan yayye suka iya, na tura ƙanwata, na laɓe bakin ƙofa. Na ji Inna ta ce, "A shekaruna in fita ina warin rana? Me na yi muku?" Ƙanwata ta yi ta lallashi, ta maimaita mata bayanin jagoran, cewa giwa ba ta gani sosai sai da hanci. Sai Inna ta ce ashe giwar 'yar'uwarta ce. Mu dai ba mu san ko ta yarda ba.

Wata matsalar kuma, duk akwatinta ba ƙyalle ɗaya da turare bai kama ba, kuma irin kamun da wanki ba ya fitarwa. Ƙanwata ta je wurin matar da ke dafa wa baƙi abinci ta aro zane da riga da ɗankwali, ta ajiye wa Inna gefen gado.

Bayan sallar asuba muna tsaye jikin mota sai ga Inna ta fito. Ta yi wanka da sabulun wanki, tana cikin koɗaɗɗen zanen wata, rigar ta yi mata yawa. Ban taɓa ganin ta ƙarama haka ba. Ta wuce ta gabana ban ji ƙamshin komai ba, sai na ji kamar baƙuwa ce ta wuce, ƙwalla ta cika mini ido. Ta ce kada wanda ya kuskura ya kai labarin nan Diffa. Allah ya jiƙanta, na riƙe mata shi iya rayuwarta.

Jagoran ya kai mu kusa da rafi, ya sa aka kashe mota. Ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali ya ga inda iska ta nufa, sannan ya zagaya da mu ta ɗaya gefen. Na riƙe hannun Inna muna takawa. Muka tsaya bayan wata kuka, muka jira har ƙafafuna suka fara tsami. Sai muka ji ƙarar karyewar itace, sai ga su suna fitowa daga cikin duhuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwata ta toshe bakinta da mayafi.

Inna ta matse mini hannu, ta ce a hankali, "Ina take?"

Ga su nan a gabanmu, amma suna cikin inuwar itatuwa, ita kuwa inuwa da giwa duk duhu ne a wurinta. Jagoran ya ɗaga hannu alamar mu dakata. Ya raɗa mini cewa za su ƙetare, kuma tsakiyar rafin farin yashi ne. Haka kuwa aka yi. Babbar ta sauka kan yashin, rana na dukan ta, sauran na biye. Na juya kan Inna saitin wurin da hannuna. Ta saki hannuna, ta ɗan karkata fuska don idon dama ya samu hanya, ta tsaya cak. Ni ban kalli giwayen ba sosai, fuskarta nake kallo, kuma ban iya karanta komai a kanta ba.

Har muka koma mota ba ta yi magana ba. Muka kama hanyar masauki. Raina ya ba ni cewa ba ta ga komai ba, kuma za ta ce ta gani don kada wahalarmu ta tashi a banza. Na kasa tambaya. Mun yi nisa sai ta taɓa kafaɗar jagoran daga baya.

"Malam, ƙaramin nan da ke bin uwarsa, ɗingishi yake yi. Wa ke duba masa ƙafar?"

Jagoran ya juyo gaba ɗaya ya dube ta. Ya ce gaskiya ne Mama, tarkon mafarauta ne ya taɓa kama shi, suna sa masa ido. Ni ban ma lura da ɗingishin ba. Na kifa kaina jikin kujera na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro, abokina yana tuƙi yana yi kamar bai ji ba. Inna ta ce wa ƙanwata ta ba ni ruwa, rana ce ta buge ni.

Ba a yi shekara ba hasken ya ƙarasa tafiya. Ta karɓi lamarin da haƙurin da ni ba ni da shi. Abin da ya ba ni mamaki, ba ta cika ba da labarin girman giwa ba, ko haurenta, ko kunnuwanta. Ƙaramin nan ne ya tsaya mata a rai. Duk wanda ya zo gaishe ta, in ta ji daga wajen Bauchi ya fito, ko direba ne ko mai sayen tattasai, sai ta tambaye shi ko ya ji labarin wani ɗan giwa mai ciwon ƙafa. Mutane su yi ta mamaki, wasu su zaci tsufa ne.

Na daɗe ina ganin ni na yi mata abin kirki da na kai ta. Yanzu da na fara manyanta, ni ma ina kara takarda kusa da hanci kafin in karanta, na gane abin da ta yi da ɗan ganin da ya rage mata. An kai ta gaban abin da ta yi shekara da shekaru tana jira, ita kuma ta duba ta ga wanda ke jin ciwo a cikinsu. Haka ta yi mana duk tsawon rayuwarta, mu ne ba mu lura ba. A jinyarta ta ƙarshe, ina zaune ina mata fifita, ta sake tambayata ko ƙafar ta warke. Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce to, a ci gaba da tambaya.