Gidan Kuregen Aicha

Duk wanda ya taɓa loda kaya daga Dengfeng ta ƙasar Caina zuwa Kano, ko bai san fuskar Tankari ba ya san ƙusarsa. Shi ne kafintan sito, mai buga akwatunan da ake cusa wa injin markaɗe da gilasai kafin a wuce da su tashar jirgin ruwa ta Nansha. Mutumin Konni ne, dogo, maganarsa sai an tatsa.

Ya daɗe shi kaɗai kafin ya samu ya kawo matarsa Aicha. Cikin farko da ta samu a nan ya zube, daga nan ta rufe baki. Ba kuka, ba faɗa. Tana zaune gaban taga tana kallon bangon maƙwabta, abinci ya huce a gabanta.

Sai wata tsohuwa 'yar Caina da ke zaune a hawan ƙasan nasu za ta koma wurin ɗanta, ta miƙa mata keji da kurege biyu. Ba irin namu na gona ba. Waɗannan ido ya cinye musu fuska, ga fata tsakanin hannu da ƙafa, in sun yi tsalle su baza ta su sauka can. Da na je gani na ce wa Tankari, "Kawu, ai wannan ɓera ne ya sa malum-malum."

Ɓeran nan dai shi ya tayar da Aicha. Ta fara yanka musu tuffa, tana cin ragowar. Wata rana ya dawo aiki ya tarar tana yi musu faɗa. Ya ce min tsayawa ya yi a bakin ƙofa yana saurare kamar mai jin wa'azi.

Saboda haka ya ce sai ya karrama su da ɗakin kwana. Ya samo tsohuwar adaka ta katakon kafur, irin mai cika ɗaki da ƙamshi, ya yanka ya buga musu akwati har da ado. Mu kuwa abin da muke ƙauna shi muke turarawa, don haka Aicha ta riƙa ajiye kaskon turaren wuta a ƙarƙashin kejin kamar kayan amarya.

Wata safiya suka tarar da ɗaya ya sandare. Ɗayan yana atishawa, ido na ruwa, ya ƙi ci. Aicha ta ɗauki kujerarta ta koma taga.

Tankari ya zo ya fizge ni daga shago, wai ni ke jin Cainanci. Cainancina bai wuce na ciniki da neman banɗaki ba, amma na bi shi kasuwar dabbobi, akwatin kuregen a hannunsa. Wata mai shago ta shinshina akwatin, ta jefar, ta hau mu da masifa. Da waya ta fassara muka gane: katako mai ƙamshi yana ƙona musu huhu, kuma gwaguyarsa suke yi. Ta ba mu magani, ta ce a sa kuregen a gidan da ba ƙamshi, ba fenti, ba gam, ƙofa ƙarama daga sama, a rataye shi can ƙololuwar keji. In ba shi da maɓoya kuma, tsoro kaɗai zai ƙarasa shi.

Na ce, "Lawban," haka ake kiran mai shago a nan, "kina da irinsa?"

"Meyo." Babu. Nata duk masu fenti ne.

Sitonsa cike da katako, amma wani an yi masa feshin ƙwari, wani manne yake da gam. Muka shiga wurin masu katako ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga falanki yana kai wa hanci, ana yi mana kallon mahaukata. Wannan ƙaro, wancan fenti, saura meyo.

A bakin titi ya zauna dirshan. Na buɗe baki zan yi shaƙiyanci, ya riga ni.

"Da hannuna na buga shi," ya ce. "In wannan ma ya tafi, da me zan sake buɗe mata baki?"

Na ja shi gidan abincin Hajiya Saffana don ya sa wani abu a ciki. Aka kawo fura a ƙwarya. Bai sha ba, ya ɗaga yana shinshina gindinta.

"Kai Tankari, fura sha ake yi, ba shaƙa ba!"

"Hajiya, kina da sabuwa, wadda ba a taɓa zuba wa komai ba? Gidan kurege zan yi."

"Daga Maradi na ɗauko su a kan cinyata, ka ce in ba ɓera?"

Ya faɗa mata dalili. Ta shiga ciki ta fito da biyu, tana zagina ni da ban ce komai ba.

A gida ya fitar da kaskon, ya buɗe tagogi. Ya kife ƙwarya kan ƙwarya, ya ɗinke da zaren auduga, ya huda ƙofa, ya sa tsumma mai tsabta, ya rataye. Kuregen ya ja jiki da ƙyar ya shige. Aicha ko waiwaye.

Washegari na leƙa kafin shago. Tankari na tsugune gaban keji, bai je aiki ba. Shiru a ƙwarya. Ya miƙa hannu zai taɓa, ya janye, ya sake miƙawa. Can sai ga ɗan hanci a bakin ramin, sai manyan idanun nan, a bushe.

Daga wajen taga muka ji muryar Aicha a dishe.

"Malam, a karkace ka rataye ta."

Ya miƙe zai gyara, zaren ya ƙi kamuwa a yatsunsa.