Ranar da muka yi wa gassala tiyata

Shekarun baya, ina Alƙahira, tallafin karatuna ya ƙare alhali saura shekara guda in kammala. Ko in sami aiki, ko in haɗa kayana in koma gida hannu rabbana. Sai na ji wani kamfani a unguwar Ma'adi yana neman masu amsa wayar mutanen Sifen da injin wankinsu ya ba su matsala. Da ma na yi wata takwas ina koyon Sifaniyanci a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Aka ba ni takardar kalmomin aikin inji: encender, kunnawa, apagar, kashewa, girar, juyawa, vaciar, zubar da ruwa, da sauransu. To ni ɗalibin addini, abin da na iya shi ne hadda. Na harɗe ƙafa ina rangaji, kwana uku na zuba su a ka tas.

Ranar gwaji, matar da ke tantance mu ta ce da Sifaniyanci: "Injina ya cika da ruwa ya tsaya. Me ke faruwa a cikinsa?" Wallahi sai na kama jero mata kalmomin daga farko, kamar mai ba da hadda gaban malam. Ta danne dariya ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ka dawo bayan mako guda. Dama ɗaya ta rage."

Na koma gida. Abokina da muke ɗaki ɗaya, wanda ya tashi a shagon babansa na gyaran injuna a Kano, ya saurare ni ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ka taɓa ganin cikin inji kuwa?"

Na ce a'a.

"To kalma ka sani, ba ka san abin da take nufi ba. Yalla, miƙo sukudireba."

Ya jawo tsohuwar gassalarmu, wato injin wankin, ya kwance bayanta. Ya kama hannuna ya ɗora kan bel ɗin da ke juya gangar wankin ya ce, "Juya. Me sunan wannan a yarenku?" Na ce girar. Ya nuna mini famfon da ke tsotse ruwa, ya zaro wata safa da ta toshe shi, ya ce, "Ga abin da ya tsayar da na matar nan." Safata ce ma, wadda na yi wata biyu ina zarginsa da ɗauka.

Kwana shida muna haka, shi yana kwancewa, ni ina bayani da Sifaniyanci, yana gyaɗa kai yana "tamam" ko kalma ɗaya bai fahimta ba. Da ya zo mayarwa, noti huɗu suka yi saura. Muka kunna, gassala ta yi gurnani sau ɗaya ta ce ga garinku nan. Na ce, "Ina ɗan mai gyaran?" Ya ce, "Babana ne mai gyara, ni mai kwancewa ne."

Da na koma, matar ta sake yin tambaya, ni kuwa cikin injinmu nake gani ina magana. Ban ƙarasa ba ta ce khalas, wato shi ke nan, in fara ranar Lahadi. Da wannan aikin na kammala karatuna.

Tun daga nan ban ƙara cewa na san abu ba sai na taɓa shi da hannuna. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Safiyar gwaji na biyu na tashi ina fargabar ba ni da riga mai tsabta, tunda inji ya mutu. Sai na ga farar rigata rataye a ƙofa, an wanke an goge. Da hannu ya wanke ta a bokiti, bai ce mini komai ba. Har yau in na tayar da maganar a waya, sai ya ce shi bai tuna ba, in dai dawo masa da notinsa huɗu.