Takalman Umma a Teburin Likita

Kawuna ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama da ƙafarsa. Shekara talatin da 'yan kai yana gyaran takalma a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, inda in ka miƙe da garaje sai ka gwara kai, ga warin gam kamar ya shaƙe ka. Dunduniya ake kiransa, kuma yana amsawa. Kifa takalminka kawai zai yi, ya shafa ƙasan da babban yatsa, ya ce, "Malam, ƙugunka na dama yana damunka." In ka tambayi wanda ya faɗa masa, sai ya ce takalminka ne ya kawo ƙara.

Umma ƙanwarsa ce, tela, da keken ƙafa ta raine mu. Ciwon gaɓɓai ya cinye mata idon sawu na dama, har likita ya cire gaɓar ya sa mata ta ƙarfe da roba, wadda ƙashi zai kama ya riƙe. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce in ƙarfen ya saki ba a lura da wuri ba, sai dai a haɗe ƙasusuwan da ƙusa, ƙafar ta daina lanƙwasawa. Wato ita da keke sai kallo.

Shekara guda komai lafiya. Daga nan duk takalmin da Umma ta aike ni da shi gyara, Kawu sai ya riƙe, ya ba ni sabo. Har ya tara uku. Ran nan ya zo gida da kansa, ya jera su a kan tabarma.

"Auta, ƙafar nan tana miki ciwo."

"Haba Yaya, wane ciwo? An ɗauki hoto wancan watan, an ce ƙalau."

"Hoto bai taɓa bin ki kasuwa ba. Waɗannan sun bi ki."

Ya nuna mana. Na farko ya cinye daidai. Na biyu ya fara zaftarewa ta gefen waje. Na uku kuwa kamar an sa wuƙa an fere shi. Sai Umma ta amsa cewa da safe takan ji kamar tana taka tsakuwa. Tsoro ne ya hana ta faɗa. Wallahi raina ya ɓaci, kamar in yi mata faɗa, sai dai uwa ce.

Ranar asibiti ni aka ɗora wa ledar tsofaffin takalma. Kunya kamar in nutse. Na ce, "Kawu, don Allah kada ka ba mu kunya a gaban mutane." Ko kallona bai yi ba. Muna shiga ya ture takardun likita gefe, ya kifa takalman nan uku a kan tebur, inda ake ajiye biro.

Na jira tsawa. Likitan ya ɗauki na ukun, ya juya, ya sake juyawa. Ya ce, "Baba, tsakanin wannan da wancan wata nawa?" Kawu ya ce huɗu. Sai likita ya tuna cewa wancan hoton a kwance aka ɗauke shi. Ya sa aka sake ɗauka Umma tana tsaye, nauyinta duka a kan ƙafar. Ga ƙarfen nan ya ɗan nutse cikin ƙashi ta gefe guda, ya karkata.

Ba a makara ba. Suka sake buɗewa, suka cike gurbin da ƙashi, suka sa ƙarfe mai faɗin gindi, suka daidaita dunduniyar. Likita ya ce shi da abokan aikinsa sun daɗe suna neman yadda ƙarfen zai riƙa zama daram, bai taɓa tunanin duba abin da mutane ke cirewa a bakin ƙofa ba. Tun daga ranar duk wanda ya yi wa aikin sai ya ce ya riƙa zuwa da tsohon takalminsa. Kawu da ya ji sai ya ce, "To, ya fara koyon aiki."

Bana idanun Kawu sun yi rauni, zare ma da lalube yake zura shi a basilla. Watan jiya Umma ta taka da kanta har shagon, da takalmin da ta yi shekara tana sawa. Ta miƙa masa. Ya kifa, ya bi gefen waje da yatsa, ya dawo gefen ciki, ya sake komawa. Ni dai na zuba masa ido.

Ya miƙa mata. "Auta, ɗauki kayanki. Babu aikina a nan."

Ya goge ido da bayan hannu, wai gam ne ya shiga. Gwangwanin kuwa a rufe yake.