Leshin da Ba a Yi wa Shafi Ba

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na iya rubuto muku ita. A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce mai rawar kai da saurin baki, 'yar auta a gidanmu da ke wani lungu a Gwale. Mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Da muryarsa na san asuba, da ita na san magariba, har ƙawayena kan tsokane ni wai agogona a gidanmu yake cin tuwo.

Ƙaramar Sallah ce, mu 'yan matan dangi muka yi ankon wani leshi ruwan toka. Aiki ya yi wa telanmu yawa, bai ba ni nawa ba sai da safiyar Idi. Na gwada a ɗakinmu, irin ɗakunan nan na cikin gari masu 'yar mitsitsiyar taga, na duba madubi na ga komai daidai. Ashe garin sauri bai yi wa hannayen rigar da bayanta shafi ba, duhun ɗakin ya ɓoye mini. Na zura hijabi har ƙasa na tafi Idi, daga can muka wuce unguwar Shahuci gaishe da kakarmu. A tsakar gidanta mata ne zalla, ga zafi, sai na cire hijabin kamar yadda kowa ta yi. Aka saka kiɗa a waya muka ɗan taka, tsohuwa tana ta yi mana tsiya wai ba mu iya ba. Wata 'yar kawuna ta ɗauke mu bidiyo ta ɗora a shafinta, ba da wata mugunta ba. Rana na tsaka, ta haska ta cikin leshin nan, abin da madubi bai nuna mini ba duniya ta gani.

Kafin la'asar wani ya yanko inda nake ni kaɗai ya watsa. Mutanen da ba su taɓa ganina ba suka rabu gida biyu a kaina. Wasu suna tsine mini, suna cewa irina ne suka lalata Sallah, har da masu kiran hukuma ta kama ni. Wasu kuma suka mayar da ni jaruma, wai yarinya ce mai 'yancin saka abin da ta ga dama. Ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi. Abin baƙin cikin ma, cikin masu kare ni ne wata ta rubuta cewa ta san ni, 'yar ladan ce, a jinjina mini tunda na iya bijire wa gidanmu. Ta haka sunan Baba ya shiga maganar.

Yayata ta roƙe ni in yi shiru, ta ce ƙura ce za ta lafa. Ban ji ba. Zagin ya ƙona mini rai, cikin fushi na rubuta cewa jikina ne, kayana ne, ba ruwan kowa. Ban ambaci tela ba, ban ce a cikin gida aka ɗauka ba, don a ganina yin bayani kamar neman afuwa ne. Wannan 'yar maganar ita wani ya karanta wa Baba a ƙofar masallaci, a gaban dattawan da suke tare tun suna samari.

Na zaci duka ko faɗa, wallahi da ya fi mini sauƙi. Da Baba ya shigo sai ya ce in kawo rigar. Ya fita da ita tsakar gida ya ɗaga ta a rana, ya daɗe yana kallo. Ya ce ya gane ba da gangan na yi ba, kuma wanda ya fitar da hoton mace daga cikin gida ya fi ta laifi a wajen Allah. Amma ya ce ba zai iya bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga musu riga ba, kuma ba ya son ya kira salla wani ya ƙi fitowa saboda muryarsa ce. Washegari da azahar na ji wata baƙuwar murya a lasifika. Na leƙa zaure, na tarar da Baba zaune a kan buzunsa yana amsa kiran a hankali.

Har yau ban yarda cewa duk wanda ya ga dama yana da ikon yi wa mace hukunci a kan tufafinta ba, kuma na daina yarda cewa abin da na saka ko na faɗa ni kaɗai ya shafa. 'Yan uwana mata, ku duba ɗinkinku a hasken rana, kada ku mayar da martani kuna cikin fushi. Ku kuma masu turawa gaba, ko don zagi ko don yabo, ku sani da can namiji ba ya wuce zaure sai da sallama, yanzu waya ce ke shigar da ku har tsakar gidan mutane. Ku kun manta da ni tun kafin Babbar Sallah. Baba ya yafe mini, na yi aure, amma bai koma kiran salla ba. Duk ranar da na je gida aka kira salla, tashi nake in shige ɗaki, don ba na iya kallon fuskarsa.