Igiyar Rijiya a Tekun Gabas

Ana idar da sallar asuba muka bar Riyad, ni da mudir ɗinmu, wato shugaban ofis, da direba, muka miƙi hanyar gabas. Shekara shida ina zana taswirar ƙasan teku a ofis, amma wallahi ban taɓa taka jirgin ruwa ba. Ɗan mahaƙin rijiya daga Damagaram, ina ni ina teku?

Ga abin da ya fito da mu. A awon da na'ura ta aiko, na hango wani tudu cikin ruwan da ƙasashe biyu ke jayayya a kansa. Na ce dutse ne, manya suka ce garken kifi ne, in goge. Na ƙi. Mudir ya ce mu je a gani, in ya zama kifi kada in sa ran sabunta iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar.

Titi sumul, jan yashi hagu da dama, raƙuma ko kallo ba mu ishe su ba. Muka tsaya shan shayi na riyal biyu. Direba ya nannaɗe hannun riga ya far wa shinkafar kabsa.

Izinin yini ɗaya aka ba mu a teku. Jirgin sintirin maƙwabta na tsaye can yana kallonmu, kyaftin ɗin jirginmu ya ce ba ya ƙetare layi ko da taku. Amai kam na sha shi, matuƙan jirgi na dariya har da riƙe ciki. Na'ura ta sake nuna abin dishi-dishi.

“Halas, shi ke nan, mu juya,” in ji mudir.

Na roƙi igiya da guntun ƙarfe, na danna sabulu a gindinsa, yadda babanmu ke yi in yana son sanin abin da ke ƙasan rijiya. Na zura ina ƙirga gaba. A ta uku ƙarfe ya dira kan abu mai tauri. Da na jawo, sai ga ɓarɓashin dutse manne da sabulun! Kyaftin ya yi salati, ya ce masuntan ɓangarorin biyu duk nan suke bi.

Washegari a kujerar gaba na dawo Riyad, kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Na sa dutsen a taswira da hannuna. Tafiyar ta nuna mini aikin gidanmu bai tsufa ba.

Na kira tsohon na ba shi labari.

“Gaba nawa?”

“Uku, Baba.”

“Ka maimaita awon?”

“Sau biyu.”

Sai ya ce, “To, ɗana ne.”