Takardar da Aka Karanta a Bakin Teku

A gidanmu na unguwar Harlem babu murhu, sai hita mai ƙwanƙwasa a gindin taga. Nan kakata, wadda muke kira Iya, take shimfiɗa dardumarta bayan Magariba, ni da ƙannena mu zagaye ta. Daga Maraɗi Baba ya ɗauko ta don renonmu. Ba ta jin Turanci ko kaɗan, mu kuma Hausarmu a kunne take. In ta yi magana mu amsa da Turanci, ta ce mun cika iyayi.

Da tatsuniyoyinta suka ƙare, sai ta sa doka: kowa ya kawo abin da aka koya masa a makaranta, ita ta gyara shi ta mayar mana. Ni na kawo mata labarin Sifaniyawan da suka ƙetare teku da jiragen ruwa suna cin ƙasashe. Da Hausata mai ɗingishi na gaya mata cewa kafin su afka wa gari, sai su karanta wata takarda da harshensu, wai mutanen wurin su bi sarkinsu ko a yaƙe su.

A kwanakin, Baba da Mama suna ta shawarar mayar da Iya gidan Kawu a unguwar Park Hill da ke ƙetaren ruwa, don ɗaki ya yi mana kaɗan kuma Mama ta kusa haihuwa. A gabanta suke maganar, da Turanci. Mu yara duk mun sani, ba wanda ya gaya mata.

Wata yamma Baba yana cin tuwo a falo, Iya ta fara mayar mana da labarin. Ta ce wata tsohuwa tana busar da kifi a bakin teku, sai ga baƙi masu gemu da hulunan ƙarfe. Ta ɗebo musu ruwa. Babbansu ya warware takarda ya yi ta karatu, ita kuwa tana gyaɗa kai don ladabi, a zatonta gaisuwa ce. Da ya gama, ya ce wa mutanensa su shaida an sanar da ita. Suka ɗauke kifin, suka ɗauke garin.

Ƙanena ya tambaya me ya hana tsohuwar ta ƙi.

"Ta ƙi me? An gaya mata ne?" in ji Iya. Sai ta juya wajen Baba. "Sani, ina jin sunana a cikin Turancinku. Karanta mini takardar da Hausa."

Baba ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya matso ya durƙusa, ya yi mata bayani tun daga farko, kansa a ƙasa. Na ji kunya ta kama ni kamar ni aka tsare.

Ban daɗe ba na gane labarin bai hana komai ba. Bayan Mama ta haihu an yi suna, Iya ta koma Park Hill, muka riƙa hawa jirgin ruwa muna zuwa gaishe ta. Na yi shekaru ina ɗauka Iya ce ta sha kaye. Sai da na girma na tambaye ta ko ta ji haushin Baba.

"Haushin me? Ya faɗa, na ji, na yarda. Tsohuwar can ɗauke ta aka yi. Ni da ƙafata na tafi."