Sarkin da Dada Take Naɗawa a Bakin Wuta

Dada, kakata ta wajen uba, ba ta yi mana tatsuniyar kura da zomo. Cewa take wanda ke da abin haushi na gaskiya ba ya ɓata yawunsa a kan namun daji. Da kaka, in an idar da sallar magariba, sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta a Rugar Gamji, can bayan duwatsun Dutse, ta tura gyaɗa cikin toka, ta ce, "Ku matso in naɗa muku sarkin da ba a naɗa ba." Mu jikoki mu haɗa baki mu ce Allah ya ja zamaninsa. Daga nan wuta na ci, ita ma tana ci, har gyaɗar ta ƙone ba ta sani ba.

Labarin ɗaya ne kullum. Surukinta shi ne Sarkin Fulanin yankinmu, ba ta kama sunansa, Tsoho take ce masa. 'Ya'yansa maza biyu: Dikko, ɗan fari, wanda shi ne kakanmu, da ƙanensa Sambo. Madaki, babban mai zaɓen sarki, ya so ya haɗa jini da gidan, ya yi wa Dikko tayin 'yarsa. Dikko ya ce shi ya riga ya ga wata a ruga mai tallan nono, wato Dada. Madaki ya haɗiye wannan, ya ba Sambo 'yar, ya zauna yana jira.

Da ciwon ajali ya kama Tsoho, masu zaɓe suka shiga suka tambaye shi wa ya bar wa jama'a. Madaki da kansa ya durƙusa ya ce, ko Dikko ne? Ya san abin da yake yi, makirin. A gidajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, in an ambace shi ma kawar da kai yake yi. Tsoho ya juya fuskarsa bango. Sai Madaki ya ce, to ko Sambo? Tsoho ya ce Sambo yaron kirki ne, don na biyu ba a jin kunyarsa. Madaki ya fito ya shaida wa duniya cewa Sarki ya juya wa Dikko baya. Kowa ya san kara ce ba ƙiyayya ba, amma kowa ya ja bakinsa ya tsuke, rawani ya hau kan surukin Madaki.

A nan Dada take tsayawa ta caki wutar da kara. "Kalma ɗaya fa. Mutum yana bakin kabari, kunyar wa yake ji kuma?"

Daga nan sai ta gyara duniya yadda take so. Tsoho ya buɗe baki, an naɗa kakanmu. Ta buɗe burtalin shanu da aka toshe, ta tura Madaki kiwon awaki. Mu 'yan mata ta raba mu gidajen sarauta: ni Miga, yayata Aujara, don shanunmu su yi kiwo daga nan har can babu mai ɗaga musu sanda. In na ce ba na son Miga, sai ta ce mai dogon baki irina ma arziki ne aka karɓa. Bayan kakanmu kuma, wa zai gaje shi? Nan muryarta take sauka, ta ce, "Yaron Goggo." Babanmu ke nan. Shi ne ɗan farinta, tun yaye aka miƙa shi ga ƙanwar mijinta, ya tashi yana ce wa Goggo uwa, ita kuma Dada yana ce mata Adda. Ban taɓa jin sunansa, Hamidu, a bakinta ba. In ta gama sai ta karkaɗe zane ta ce mu tashi, rawani ya warware.

Wata rana rashin kunya ta ɗebe ni, na ce ai ba laifin Tsoho kaɗai ba ne, da kakanmu ya auri 'yar Madaki da yanzu gidanmu ake buga tambari. Mafici ya sauka a ƙeyata. Ta ce da haka ta faru da tana rugar ubanta tana shan madara, mu kuma da babu mu, ta huta da jaraba. Muka yi ta dariya. Sai da na girma na gane a inda ke mata ciwo na taka, don ta san saboda ita aka rasa sarautar.

Abu ɗaya ya rage mana na gidan sarauta: gonar fadama, wadda Tsoho ya ba kakanmu kyauta ranar da aka kai Dada. Ita muke ci, a harawarta shanunmu ke kai rani. Da aka ƙirƙiro jiha, Dutse ta zama babban birni, ƙasa ta yi daraja, sai jikan Sambo da ke kan karaga ya tuna da mu. Ya ce gandun sarauta ne, aro aka ba mu. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, shi ya turo masu awo suka kafa duwatsu a tsakiyar dawarmu tana tsaye.

Baba ya yi ta kai gwauro yana kai mari, babu wanda ya saurare shi. Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ya ce yanzu talaka ya samu gata, ya shigar da ƙara. Amma waɗanda suka shaida kyautar duk sun mutu, saura Dada. Limaminmu ya zo har gida ya yi gargaɗi: shari'a ba ta karɓar shaidar uwa ga ɗanta. Sai baffanninmu suka ce ai da sauƙi. Alƙalin baƙo ne. In ya tambayi alaƙarta da Baba, ta faɗi abin da ta saba faɗa duk rayuwarta, yaron Goggo ne. Wakilin sarki jininmu ne, ba zai iya duban tsabar idonta ya ce ita ta haifi Baba ba. Karar da ta cuce mu ita za ta cece mu. Liman ya ce shi dai babu ruwansa.

A lokacin na yi aure ina unguwar Yalwawa, ni na riƙe hannunta muka shiga kotu. Alƙali ya gaishe ta da ladabi, ya nuna Baba, ya ce, Inna, mene ne tsakaninki da wannan bawan Allah? Ta dubi bango, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juyo.

"Hamidu ne. Ɗana ne, ni na haife shi. Shi ne na fari."

Baba, da furfurarsa, ya sunkuyar da kai, bai iya ɗagowa ba. Alƙali ya ba ta haƙuri ya ce ba zai iya jin shaidarta ba. Aka ba wakilin sarki rantsuwa, ya ɗaga hannu ya rantse cewa aro ne, ko gezau. Gona ta tafi.

Ban raga mata ba. Tun a mota nake faɗa, na ce ta ciyar da mu da haushin Tsoho tun muna yara, ga shi ita ta ƙarasa abin da ya fara, shi da shiru, ita da magana. Ta bar ni na gaji don kaina. Da magariba ta hura wutarta, ba ta naɗa kowa ba. Ta ce, "An tambayi Tsoho ɗansa, ya juya bango. Ni ma yau aka tambaye ni." Ba ta ƙara yin wannan labari ba har ta koma ga Mahaliccinta.

An ce da na sani ƙeya ce, to ni tawa ƙeyar cike take. Fadamar yau gidaje ne masu dogayen katangu. In na wuce a keke mai ƙafa uku ina ganin inda gamjin gonarmu yake, an zuba siminti. Ban yafe wa jikan Sambo ba, ban yafe wa wanda ya rantse ba, kuma ba na jin zan yafe. Akwai ranakun da nake gyara duniya irin na Dada: ta ce yaron Goggo, mu fito da gonarmu, ƙannena ba su watse neman ƙwadago ba. Sai dai duk sanda na kai nan, nakan tarar da Baba a tsaye a kotun, uwarsa ta wuce shi a gaban jama'a, kuma labarin ya ƙi yi mini daɗi.

Baba yanzu ya tsufa, ido ya tafi, yana ɗakin waje a gidana. Bai taɓa yi mini maganar gonar ba, ko sau ɗaya. Amma in an yi magariba na kai masa fura, yakan riƙe kwanon ya ce, "Ranar nan a kotu, yaya ma Adda ta ce?" Ya fi ni sani. Sai in zauna, in kwaikwayi muryarta, in ce, "Hamidu ne."

Shi kuma ya ce, "Na'am."